Injin Baba da Farantan Shagari

Ni ne babba a gidanmu, kuma ni na zauna da Baba a Bodinga lokacin da kowa ya kama gabansa. Ina so a fara sanin wannan kafin a ce ina da ƙyashi. Ina da shi ɗin, ban musa ba, amma ba haka kawai ya faɗo mini daga sama ba.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a kudu, a wani gidan wutar lantarki mai cin kwal, gawayin nan da ake haƙowa daga ƙasa. Aikinsa shi ne ɗura wa tanderu kwal da shebur tun safe har yamma. Da gidan wutar ya tsufa aka fara sallamar mutane, sai ya tattaro ya dawo gida da tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba, da kuma wani ƙaton injin dizal da ya saya a hannun wani. Ya kafa shi a bayan layin teloli a kasuwa, inda turakun wuta ba su kai ba, ya ja wayoyi zuwa shaguna. Teloli suka samu wutar guga da ta keken surfani, mai walda ya samu, daga baya masu cajin waya da mai firjin zoɓo suka shigo. Mutane suna ce wa rumfarmu gidan wuta, Baba kuma yana jin daɗin sunan fiye da kima. Injin kuwa Tsohuwa yake ce mata, kuma haka muka tashi muna ce mata.

Tsohuwa ba ta tashi da makulli. Wana ta ake yi da hannu, kuma aikin mutum biyu ne. Akwai wani ɗan ƙarfe a kanta da muke kira kunne. Mutum ɗaya zai ɗaga kunnen ya riƙe, ɗayan ya kama hannun wanawa ya yi ta juya ƙatuwar tayar ƙarfen har ta ɗauki gudu. Idan aka saki kunnen da wuri, sai ta yi tutsu ta dawo da hannun baya, ta nemi karya maka tsintsiyar hannu. Idan aka makara, kai mai wanawa ka gaji a banza. Baba ne mai kunne, ni ne mai wanawa. Ko da idonsa ya yi yana har ya daina gane fuska sai murya, wannan aikin bai kuɓuce masa ba, don da ji yake yinsa. Zai karkata kai, ni ina wanawa ina haki, sai can ya ɗaga murya ya ce, "Saki!" Shi ne mai sakin, amma ni yake gaya wa, don in zare hannun wanawar in ja baya. Sai Tsohuwa ta yi tari biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama bugawa. Daga nan ya koma kan buzunsa a gindin dogon yaro, in kawo masa kunu, mu wuni tare.

Maganar gaskiya, na iya tada ta ni kaɗai. Igiya ce kawai za ka ɗaura wa kunnen ka taka da ƙafa. Ban taɓa gaya masa ba. Me zai sa in gaya masa?

Ƙanena kuma, wanda Baba ke ce wa Auta har yau da yake da furfura a gemu, tun yana yaro ba ya son rumfar. Wai warin dizal na sa masa ciwon kai. Ni ba ni da kai ke nan. Ya tafi birni ya koyi aikin sola, ya dawo ya zauna a Shagari wajen dangin matarsa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya jera farantan sola suna ja masa ruwa suna kunna masa firji. Makiyaya daga wajen Kajiji suna kawo shanu sha, mata suna sayen ƙanƙara. Komai tsaf, ba ƙara, ba hayaƙi, rigarsa fara fat kamar limamin Juma'a. Ni kuwa ko na yi wanka da sabulu uku, ƙarƙashin farcena baƙi ne. Duk wannan bai dame ni ba, wallahi, ko kuma dai bai dame ni sosai ba. Yana da farar riga, ni ina da Baba.

Sai tarin ya tashi haiƙan a wata bazara. Muka kai shi asibiti, likita ya saurari ƙirjinsa ya tambayi inda yake wuni. Kafin in buɗe baki Auta ya riga ni. Ya zayyana masa rumfar tas, har da yadda kwanon rufin ya yi baƙi. Likita ya ce lallai tsohon nan ya nisanci hayaƙi. Auta ya juyo ya ce mini, "Yaya, bari in tahi da shi Shagari ya ɗan huta kwana biyu, in ya ji sauƙi sai ya komo." Ya faɗe ta da ladabi, har da sunkuyar da kai. Da ma zagina ya yi, da na san abin da zan ce masa.

Kwana biyun nan suka zama damina guda. Ina tada Tsohuwa da igiya, in zauna ni kaɗai ina kallon wurin buzun. Duk wanda ya zo daga Shagari sai ya tsaya ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Wai Baba ya yi ƙiba. Wai tarin ya lafa. Wai ana dama masa fura da nonon da aka tatso a lokacin. Telan da ke maƙwabtaka da ni, wanda muka yi makarantar allo tare kuma bakinsa ba shi da linzami, kullum sai ya leƙo ya ce, "Mai gidan wuta, an ƙwace ma tsoho, an bar ka da tsohuwa." In yi dariya don kada ya gane, amma ya gane.

Wata Juma'a na hau babur na je. Na tarar da Baba a tsakar fili a kan kujera, ya ɗaga fuska sama ido rufe. Ashe Auta bai kafe wasu farantan a rufi ba, ya ɗora su ne a kan wani ƙarfe mai juyawa, da safe su kalli gabas, da rana ta take a miƙar da su, da la'asar a karkata su yamma. Kuma wai Baba ne ke faɗin lokacin juyawa, da zafin ranar da yake ji a goshinsa. Auta na tsaye a gefe da ƙaton agogo a hannunsa, yana jiran tsoho makaho ya gaya masa rana ta take! Na dube shi, ya kawar da kai yana murmushi. Munafuki. Dabarata ce ya sata, ni na fara ta, shekara da shekaru ina yinta ban gaya wa kowa ba.

Da muka gaisa Baba ya kama hannuna ya shinshina, ya ce, "Ka taho da warinta." Sannan ya tambaya, "Wa ka riƙe ma kunne yanzu?"

Na ce, "Tela na, Baba. Bai iya ba. Shekaranjiya saura kaɗan ta karya ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ai ba a koyonta rana guda. Ka hwaɗa mai ya bar kallo, ya saurara." Ya yi ta maimaita maganar yana jin daɗi, har bayan sallah yana ba wani baƙo labarin telan da ya kusa karya masa ɗa.

Ni ban tsaya na ji wannan dariyar da kyau ba. Idona na kan farar rigar Auta, da tsakar gidan da aka share, da iskar da ba ta da komai a cikinta. A kan hanyar komawa, tun kafin in wuce Sifawa, na gama yanke shawara. Hayaƙi ne ya raba ni da Baba, to zan kashe hayaƙin in ga abin da Auta zai riƙe shi da shi.

Kuma ba ni kaɗai na gaji da Tsohuwa ba. Dizal ya yi tsadar da ba a magana. Kayan gyaranta sun ɓace a kasuwa, sai dai a je wajen maƙera su ƙwanƙwasa wani abu mai kama da shi. Teloli suna ƙorafi toka na sauka a kan farar shadda. A lokacin masu lambu a fadamar Danchadi sun fara mayar da injinan ban-ruwansu su koma shan iskar gas irin ta girki, na je na gani da idona, ba hayaƙi sai ɗan ɗumi. Na samu janareta babba mai aiki da tukunyar gas. Rumfar ba ta ɗaukar inji biyu, aljihuna ma haka, don haka na kira masu sayen tsohon ƙarfe. Da guduma suka rarraba Tsohuwa kafin ta shiga mota. Ban tsaya kallo ba, na tafi shan shayi. Na sa aka sauya kwanon rufi, aka shafe bango da farar ƙasa, aka kwashe ƙasar da ta sha mai aka zuba sabon yashi. Har farar riga na ba tela ya ɗinka mini, ya karɓi yadin yana kallona. Na hana kowa ya kai labari Shagari, so nake Baba ya zo ya ji da hancinsa.

Da sassafe na je ɗaukarsa. Auta ya ce, "Yaya, likita hwa ya ce..." Na ce masa likitan ya zo da kansa ya shinshina. Na goya Baba a babur muka taho a hankali, yana riƙe da kafaɗata, yana ta ba ni umarnin abin da za mu duba a jikin Tsohuwa in mun isa. Ina ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Da muka sauka bai jira na ja shi ba. Ƙafarsa ta san wurin. Ya shiga rumfar ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake ja. Ya miƙa hannun dama daidai inda kunnen yake zama, hannun ya wuce cikin iska. Ya matsa gaba ya lalube, ya taɓa akwatin janaretan mai santsi, ya bi shi da tafin hannu har ƙarshe.

Ya ce, "Ina Tsohuwa?"

Na ce, "Ta huta, Baba. Wanga ba shi hayaƙi ko kaɗan. Yanzu sai ka wuni nan, ba abin da za ya taɓa ma ƙirji."

"Ina kunnenshi?"

"Ba shi da kunne. Makulli na."

Na sa masa makullin a hannu, na kai yatsunsa wurin. Ya murɗa, abin ya tashi nan take, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Wuta ta kawo a layin teloli, wani ya yi tafi. Baba ya tsaya da kansa a karkace yana saurare, irin yadda ya saba, amma babu abin da zai saurara.

Ya ce, "Madalla. Wanga ko jinjiri ya tada shi." Ya sa mini albarka, ya ce na yi tunani, ya ce haka zamani yake, can ma inda ya yi aiki ai an daɗe da kashe tanderun. Bai yi faɗa ba. Bai tambayi inda aka kai ta ba. Na shimfiɗa masa buzu a gindin dogon yaro, na kawo kunu, ya sha rabi. Teloli suka zo gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Na zauna kusa da shi cikin sabuwar rigata, ina jin kamar na ci yaƙi.

Hantsi na ɗagawa na ga ya fara fitar da kai daga inuwa yana ɗaga goshi. Ya koma, ya sake fitarwa. Can ya lalubi sandarsa ya ce, "Tashi ka maishe ni. Rana ta kusa takewa, yaron can bai san lokaci ba, sai ya bar su suna kallon gabas har azahar."

Na ce, "Baba, yana da agogo."

Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba. Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Kai ma ai kana da igiya." Ya miƙe tsaye.

Ni na mai da shi da kaina, a babur ɗina, da man da na saya. Da muka isa Shagari, Auta na tsaye a gindin farantansa, ya zare sakatar da ke riƙe ƙarfen ya tallafe shi da kafaɗa, bai juya farantan ba, yana jira. Ko kallon agogon bai yi ba, ɗan banza. Baba ya sauka, ya taka zuwa kujerarsa, ya ɗaga fuska sama. Auta ya fara miƙar da farantan a hankali, Baba ya ɗaga hannu yana bin zafin da ke sauka masa, sai ya buɗe murya yadda duk layin teloli suka san ta, ya ce, "Saki!"

Hannuna ya zabura daga kan babur ɗin da kansa. Auta ya saki, sakatar ta faɗa raminta. Matarsa ta leƙo ta ce in shigo a zuba mini fura, na ce na bar wuta a kunne ba kowa a wurin.