Mai Shuɗi da Fankar Kaka

Ina da shekara bakwai na fara jin sunansa, a bakin Mama, tana tsaye kan Kaka tana yi mata fifita da murfin kwali. Ranar aka dawo da Kaka gidanmu, bayanta duk ƙurajen zafi. Na tambaya ina fankarta. Mama ko dubana ba ta yi ba ta ce, "Mai Shuɗi ya kai wa duwatsunsa." Sai daga baya na gane yayanta take nufi, uwa ɗaya uba ɗaya. Har yau ban ƙara jin ta kira shi Yaya ba.

Kawu mai wayarin ne. Shekara ashirin da shida yana aikin wuta a wani otal, kuma a zauren otal ɗin akwai tankin gilashi na ruwan gishiri, da kifaye da murjani a ciki. Ba irin murjanin da ake sa wa a wuya ba. Wannan mai rai ne, yana tsirowa kan dutse yana yin rassa. Kawu ne mai kula da fitilunsa. Da otal ya rufe, wasu suka kwashi kujeru, wasu labule, shi kuwa ya shigo gida da bokiti biyu na jiƙaƙƙun duwatsu. Ya sa aka yanka masa gilashi, ya ture kujerar falo, ya rataya shuɗiyar fitila. Daga titi ana hango tagarsa kamar an zuba mata bula. Nan sunan ya samo asali.

Murjani akwai tsirfa. Yana son haske mai ƙarfi, ba ya son zafi, alhali fitilar da take ba shi hasken ita take ɗumama masa ruwa. Ma'aunin zafi bai kamata ya wuce ashirin da shida ba. Kawu ya gano in iska tana kaɗa saman ruwan yana hucewa. Fanka biyu ce a gidan, ta ɗakinsa da ta Kaka. Ta Kaka ya ɗauka, ana tsakiyar zafi.

Sauran labarin a wajen matarsa na samu, wadda muke kira Anti, mai ɗinki ce. Shekara goma sha biyu ta zauna da tankin nan. Ita kanta ta ce ya yi kyau: kore, ruwan ƙasa, wani mai ruwan hoda, da kifaye biyu masu ruwan lemo suna shawagi. Ƙanƙanin murjanin da ya zo da shi kamar ɗan yatsa sai da ya kai faɗin faranti. Kaka ta rasu a gidanmu ba ta sake taka falon ba.

Sai wata safiya Kawu ya tsaya gaban tanki ya ƙanƙance ido.

"Ke, kin taɓa min fitila?"

"Ni da ko ƙurar wajen sai kana tsaye a kaina nake sharewa?"

"To me ya sa ya dushe?"

"Yadda yake jiya haka yake yau, Malam."

"Me kika sani? Ke da soket ma sai kin ja da baya kike miƙa masa hannu."

Anti ta riga ta lura da wasu abubuwa. Yana zuba shayi a gefen kofi. Yana laluben kan kusa da yatsa kafin ya ɗora sukundireba. Ta ce ko za a je a duba idon nan. Ya ce, "Idon da ya ja wayar bene bakwai?" Maganar ta mutu a nan.

Ya je wajen mai shagon kifi. Mutumin ya nuna masa fitilun zamani marasa zafi, ya ce ko su ma a hankali ake ƙara musu ƙarfi, mako bayan mako, don murjani ba ya son a ba shi mamaki. Kawu ya dawo yana huci, wai mai sayar da kifi ne zai koya masa wuta. Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya fito da manyan ƙwayayen da a da suke haska wajen ajiye motoci na otal. Ya ɗaura biyu. Bayan kwana goma ya ce har yanzu da duhu, ya mayar da su huɗu, ya sauko da su har tazararsu da ruwa ba ta fi taƙi ɗaya ba.

Falon ya koma kamar shagon mai guga. Fankar Kaka ta kasa. Sai ya shiga ɗaki ya ciro ta biyun, wadda Anti take kawowa falo wajen keken ɗinkinta da rana. Ta ci gaba da ɗinki gumi yana ɗiga kan yadin mutane.

Ma'aunin zafi a manne yake da gilashi, amma Kawu ya daina duba shi, don ba ya ganin lambobin. Yatsa yake tsomawa, yatsan da wuta da filaya suka mayar kamar fatar takalmi, ya ce daidai yake.

"Malam, ya kai ashirin da tara," in ji Anti. "Kuma koren nan na gefe ya fara koɗewa."

"Na ce ki taya ni gani?"

Da ya fita sai ta ji tausayin kifayen, sun taso sama suna haki. Ta ciro robar ruwa mai ƙanƙara daga firij ta saka a tankin. Ya dawo, ya tsoma hannu, ya ci karo da ita. Ya jefa robar ta daki ƙofa.

"Duk ranar da kika ƙara sa min baki ko hannu a tankin nan, ki ɗauki kekenki ki koma gidan ƙanwata. Can ake tara masu jin zafi."

Anti ta ɗauki robar ta mayar firij. Daga ranar ta ja bakinta.

Ma'auni ya kai talatin, ya kai talatin da ɗaya. Murjanin ya fara yin fari daga kan rassa, farin yana gangarowa. Kore ya tafi, ruwan hoda ya tafi, mai faɗin farantin nan ya zama fari fat. Abin takaici, farin shi ne kawai abin da idon Kawu yake iya kamawa. Sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kin gani? Dubi yadda suka yi haske. Da na biye miki fa."

"Na gani, Malam."

Anti ta ce min kullum in ya fita tana kallon makunnin fitilun. Taku uku ne daga kekenta. Da ta kashe biyu na 'yan sa'o'i, da wataƙila wasu sun tsira. Sai ta dubi ƙurajen da suka feso mata a hannu, ta tuna bayan Kaka, ta zura zare a allura. Ta gaya wa Mama halin da ake ciki. Mama ta ce, "Bar shi ya dafa abinsa."

Matakala ce ta kai shi asibiti, ya taka inda babu. Likita ya duba ƙafa, ya duba ido, ya ce yanar ido ce ta rufe masa idanun duka biyu. Aka yi aikin na dama. Ranar da aka cire bandeji, ko takalmi bai tuɓe ba ya wuce gaban tanki. Duwatsu farare kamar ƙashi, gansakuka ta fara hawa kansu, kifi ɗaya ya rage. Ya juyo wajen Anti.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Kina gani?"

"Ina gani."

"Kika yi shiru?"

"Na yi magana a ashirin da tara. Ka ce in koma gidan ƙanwarka."

Ya kashe fitilun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Muguwa."

Ta ce, "In ɗauki fankata?"

Bara na je gidan neman tsofaffin hotunan Kaka, don ni nake tara su. Tankin ya bushe, naɗaɗɗun wayoyi da filaya ne a ciki. Tagar ta koma irin ta kowa, amma sunan bai bar shi ba. Yana zaune a falo, fankar Kaka a ƙasa tana kaɗa masa ƙafa. Na dubi fankar na dube shi, ina jira ya ce wani abu a kanta. Ya bi littafin hannuna da sabon idonsa.

"Ke ce aka ce kina rubuta labarin dangi?"

"Ni ce, Kawu."

"To in kin zo kaina, ki rubuta cewa ƙwai huɗu na ɗora kan layi ɗaya wata biyu, ko fis bai ƙone ba. Ido ne ya ci amanata. Ki rubuta shi haka, kada uwarki ta gyara miki."