Ordan Ya Shanya Turanci a Rumfar Taba

Yayana Ordan manomin taba ne a ƙauyenmu da ke gefen garin Prilep, kuma tun muna yara ban taɓa ganin wanda ya tanƙwara shi ba. Shekararsa sittin da huɗu, matarsa ta rasu, ɗansa tilo Zvonko yana gyaran lantarki a Ingila. Shi Ordan makaranta aji huɗu ya yi ya gudu gona.

A watan Maris Zvonko ya bugo waya ya ce ya sami mata, Baturiya mai suna Hazel, kuma iyayenta za su zo ganin gida a Agusta. Ordan ya ce madalla, shi zai nemi auren a wurin ubanta.

"Baba, su fa ba sa wannan," in ji Zvonko. "Mun riga mun gama magana. In ka matsa, ka faɗa da yarenmu, ni in fassara."

"Kai ka fassara? Ango ya roƙa wa kansa mata? Wato ina raye za ka mai da kanka maraya?"

A wurinmu uban ango ne ke miƙewa ya roƙi yarinya da bakinsa. Ordan ya san yaron nan ya riga ya yi masa nisa. Aikin uba guda ɗaya ya rage masa, ya kuwa rantse ba zai ba da aronsa ba.

Ya tafi wurin Malama Lenche, wadda ta yi ritaya daga koyar da Turanci. Ta ce bari ta rubuta masa layi biyar ya haddace, shi ke nan. Ya ce shi ba aku ba ne, ba zai furta wa suruki kalmar da bai san abin da ke cikinta ba. Da ta gaji da gardamarsa sai ta miƙa masa wani tsohon littafi da aka jera kalmomi bisa wasalinsu. Yana dubawa ya fashe da dariya. Ai wannan aikinsa ne na shekara hamsin: ganyen gindi daban, na tsakiya daban, na kai daban.

Ya yayyanka kwali, ya rubuta Turanci a gaba, ma'ana a baya, ya ɗauki basillar shirya taba ya tsire su a igiya. Su hand da land da man igiyarsu guda, su home da road da stone tasu daban. Ya rataye su a rumfar shanya. Kalmar da ta zauna masa sai ya tura ta ƙarshen igiya, wadda ta ƙi kuma ya ce ɗanya ce, ta ƙara shan iska.

"Yaya, ƙauye duk da kai ake yi," na ce masa. "Wai ka shanya Turanci kana jira ya bushe."

"Su yi ta yi. Ke kuma Spasa, bakin nan naki da ba ya hutawa, zo ki ba shi aiki."

Haka na zama mai jarraba shi. In karanto ma'ana, shi ya faɗi Turancin. Ko daidai yake faɗa ko shirme, ni ina na sani? Har lokacin tsinkar ganye ya zo bai fasa ba, yatsunsa baƙi ƙirin da danƙon taba, bakinsa na motsi kamar mai addu'a. Haushi yake ba ni, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Ranar da baƙi suka zo aka kawo kofi da alewa da kwalbar giyar gida da muke kira rakiya. Uban yarinyar, Derek, dogo ne, rana ta gasa shi ya yi jajir. Ordan ya miƙe cikin baƙar kwat, gumi na tsiyaya, ya fara magana kalma uku uku. Daga baya Malama Lenche, wadda ita ma tana wurin, ta gaya mini abin da ya ce: "Gidana tsoho ne. Gonata kaɗan ce. Ɗana mutumin kirki ne, hannunsa na aiki."

Sai ya kakare. Zvonko ya sunkuyo zai raɗa masa, Ordan ya ɗaga masa hannu. Ya rufe ido, yatsunsa na lalube a iska kamar yana bin igiyar rumfa. Can ya buɗe ido.

"Ka ba mu 'yarka. Ba za ta yi kuka ita kaɗai ba."

Derek da farko murmushi yake yi kamar mai kallon wasa. Murmushin ya ɓace. Ya miƙe, ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa, ya yi doguwar magana.

"Baba, cewa ya yi..." Zvonko ya fara.

"Rufe mini baki. Da ni yake magana."

Maganar ta yi wa Ordan sauri, ko rabi bai kama ba. Bai ji kunya ba, da Turancinsa ya roƙi mutumin ya maimaita a hankali. Derek ya maimaita, ya sake maimaitawa, tsofaffi biyu a tsaye cikin rana, kofi ya huce, babu wanda ya motsa. Sannan yayana ya juyo wurina, idonsa cike da ƙwalla.

"Spasa," ya ce, "ya ba mu. Da kunnena na ji."