Yatsan da Ƙofa Ta Ƙi Ganewa

Kullum ƙarfe bakwai na safe sai an sha wannan rigima a ƙofar cibiyar bincike. Baba Mai Naɗi zai ɗora babban yatsansa a kan na'urar tantance ma'aikata, ta nuna ja, ta ƙi buɗewa. Mai gadi ya taso yana dariya: "Baba, yau ma ta ce ba ta san ka ba." Shi kuwa ya ce, "Ƙyale ta, yarinya ce." Shekara talatin da ɗaya yana jan wayar tagulla tsakanin yatsu biyu, har zanen yatsan ya shafe sumul.

A wannan cibiya masana ke fafutukar kunna wuta irin ta rana cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, domin a samu lantarki. Abincin wutar wata daskararriyar ƙwaya ce da ba ta fi ta shinkafa ba. In ba a harba ta da gudun da ya wuce na harsashi ba, tun a bakin wutar za ta narke. Abin harbawar dogon bututu ne da aka naɗe da waya zobe-zobe. Lantarki na shiga, zobban su zama maganaɗisu, su fizgi ɗan kwanon da ke ɗauke da ƙwayar. Zobban nan Baba ke naɗa su da hannu, yana ƙirge a zuci, ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya kai ƙarshe.

Kowa a cibiyar na tuna ranar da ya ajiye makulli. Saura mako biyu babban gwaji aka kawo sabuwar waya, takardunta tsaf. Ya ja ta kamu uku, ya tsaya cak.

"Ranka ya daɗe, wayar nan da kaushi. Ba zan naɗa ta ba."

Shugaban sashe ya fusata. "Na'ura ta auna ta ce lafiya lau! In ba za ka yi ba, kawo makullin ɗakin naɗin, wani ya yi."

Ga 'ya'ya huɗu a makaranta, ga tsufa ya ƙwanƙwasa ƙofa, amma wallahi bawan Allahn nan ya ajiye makullin a kan tebur ya tafi gida. Injiniyar da ta zana bututun ce hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta yanki guntun wayar ta sa a madubin ƙara girma, sai ga fentin jikinta duk ya tsattsage. Da an naɗa ta, tartsatsi ɗaya zai ƙone aikin shekara biyar ƙurmus. Shugaba da ƙafarsa ya kai makullin har gida, yana ta sosa ƙeya. Aka kawo wata wayar mai kyau, Baba ya dawo ya naɗa ta.

Ranar gwaji ƙwayar ta shige tsakiyar wutar, ɗaki ya ɓarke da sowa. Rahoton ya fito da sunaye arba'in, babu nasa. Abin ya yi mana ciwo, mu abokan aikinsa, shi ko a jikinsa.

Baba, kai ne ka zaɓi rasa aiki a kan ka naɗa ƙarya. Yau da kake ritaya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, in hannunku ya ji kaushi, ku faɗa, ko wa ke tsaye a kanku.

Da safen nan ma ƙofar ta nuna masa ja. Ma'aikatan cibiyar gaba ɗaya, shugaba a gaba, su suka fito suka buɗe masa.