Motar Kanwa da Tsamiya

Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar tsamiya, raina ne ke fara ɓaci, daga baya kuma ya yi sanyi. Bari ka ji dalili.

A Tudun Wada na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, mutuniyar Bida mai sayar da kunu. Wata rana ɓarin kanwa ya faɗa mata cikin ruwan tsamiya, kumfa ta taso tana huci. Ita tsaki ta yi. Ni kuwa na tsuguna ina kallo har ta kwanta.

Zafin bazarar nan kaf a kan abin na ƙare. Na samo gorar roba, na yanko tayoyi daga tsohon silifas, na soke su da tsinken tsire. In na zuba tsamiya, sai in jefa dakakkiyar kanwa a ƙunshin takarda, in toshe da totuwar masara. Gorar ta kumbura, totuwar ta yi fit ta baya, mota ta zabura gaba. Sau da yawa fuskata take wankewa. Kaka na tankaɗe tana dariya: "Angona, ka ƙarar mini da kanwa, da me za ka ciyar da ni?"

A shekarar ne Baba ya ce in na gama firamare, boko ya isa haka. Kaka ba ta yi musu da shi ba. Dabara ta yi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba ni kanwarta mai kyau, wadda take lasa saboda ƙwannafi.

"Zauna ka ga kan da Allah ya ba yaron nan," in ji ta.

Motar ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Ta wuce turmi, ta watsa kaji, sai da ta daki randa. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauke ta yana jujjuyawa.

"Inna, kin yi gaskiya. Mai wannan hannu zaman aji ɓata shi zai yi. Gobe zan kai shi gareji a Sabon Gari."

Kaka ta tashi ta kwashe ragowar kanwarta. Kai ta nuna masa, shi hannu ya gani. Da yamma ta dama mini kunu da sukari fiye da kullum.

Ina garejin har yau. Na iya kwance injin kowace mota, amma abin da ke cikin kumfar nan ban san sunansa ba.

Bara 'yata ta ce malaminsu ya sa su haɗa mota mai tafiya da kanta. Na sayo kanwa da tsamiya, na nuna mata, ta haɗa irin tawa. Da motar ta zabura, uwarta ta ce, "Hannun babanta!"

Na ce ta yi mana shiru. Na tsuguna gaban yarinyar.

"Me ya tura ta?"

"Ban sani ba, Baba."

"To gobe ki tambayo. Ki dawo ki faɗa mini."