Fiɗar da Aka Yi wa Baba a Kano

Babana mahauci ne, kakana ma haka. Tukubarmu tana bakin hanya a Jibiya, daf da inda motocin gyaɗa da suka taso daga Maraɗi suke tsayawa a duba musu takardu kafin su wuce Kano. Lokacin Turawa ba su tafi ba, can ƙetare kuma ƙasar Faransa muke ce mata. Direba ya sha fama da 'yan duwan, wato kwastan ɗin Faransa, a can, ya zo nan ya zauna jiran 'yan kwastan, to ba abin da ransa yake so sai nama mai zafi. Shekarata ashirin da huɗu, ina da mata da 'ya ɗaya, ni ne babba a gidanmu. Tare muke yanka da Baba, tare muke fiɗa.

Ciwon Baba ya faro bayan kaka, da ƙwarnafi. Ya riƙa jiƙa kanwa yana sha. Daga nan sai ya kasance loma uku in ya yi, ya ture akushi ya ce ya ƙoshi, mutumin da a da sai an ƙara masa tuwo. Sai amai. Ya daɗe yana ɓoye mana, yakan zaga bayan danga ya yi, ya tura ƙasa da ƙafa. Ranar da na riske shi, na ga abin da ya ci jiya ne ya dawo yau, ko narkewa bai yi ba, ga tsami.

Ba abin da ba mu yi ba. Wanzami ya zo daga Magama ya yi masa ƙaho. Ya sha rubutu. Wani Bafillatani da muke sayen shanu a wurinsa ya kawo saiwa daga Mazanya. Kafin bazara ta shiga sosai, Baba ya rame har wuƙa tana yi masa nauyi.

Wata safiya muna mayanka, ya kamo hannuna ya ɗora a ƙasan haƙarƙarinsa ya danna. Na ji wani abu mai tauri kamar goriba.

"Ka ji shi?"

"Na ji, Baba."

"Wanga ba na kanwa ba ne," in ji shi. Ya saki hannuna ya ci gaba da wasa wuƙa.

Wani direba Bamaraɗe, abokin Baba na shekara da shekaru, shi ya matsa a je asibiti, ya ce gaban motarsa na Baba ne. Inna, mahaifiyata, ta ce sam.

"Malam, da ƙahwarka za ka kai kanka a yanka ka kamar rago?"

"Shekara arba'in ina buɗe cikin dabbobin Allah," ya ce da ita. "In an buɗe nawa sau guda, ba a zalunce ni ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauro masa kaya.

A Katsina likita ya tattaɓa cikin, ya rubuta takarda ya ce mu wuce Kano, aikin ya fi ƙarfin nan. A babban asibitin Kano aka ba shi wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli, ya sha aka ɗauki hoton cikinsa. Aka kwantar da shi. Mako guda kullum ana zura masa roba ta hanci ana wanke ciki, ana yi masa ƙarin ruwa a hannu, don wai bai da ƙarfin da zai ɗauki aiki. Ni kuma ina kwana gidan wani ɗan garinmu a Fagge, in zo da safe.

Likitan fiɗar Bature ne, dogo, mai sanƙo. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa, wani malamin asibiti ne yake yi mana tafinta. Da aka kawo takardar yarda a dangwala, Baba ya riƙe yatsansa bai sa ba.

"Ka hwaɗa mashi ni ma sana'ata ke nan. Na san tumbi, na san hanji, na san hanta da saifa. Abin da ya gani ciki, shi hwaɗa mani yadda ya gan shi. Kada shi rage."

Malamin ya juya maganar. Likitan ya dubi Baba, ya ce ya yi alkawari. Sannan Baba ya dangwala.

Ranar aikin, da hantsi aka gungura shi. Malamin asibitin ya same ni a gindin darbejiya, ya ce in kwantar da hankalina ko da na ga an daɗe. "In an daɗe, an samu abin cirewa ke nan." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na zauna ina jan carbi ina roƙon Allah a daɗe. Ko azahar ba a kira ba aka fito da shi.

Sai a rana ta uku likitan ya zauna bakin gadon. Ya ɗauko takarda zai zana, Baba ya ce ya bari, ya faɗa da baki kawai zai gane. Likitan ya ce ƙari ne ya fito a ƙasan tumbi, ya toshe ƙofar da abinci yake bi ya shiga hanji. Ya so ya cire, amma ya tarar ya manne da abin da ke bayansa, in ya ja jini ba zai tsaya ba. Don haka ya jawo hanji ya ɗinke da tumbin ta sama, ya buɗe wa abinci sabuwar hanya. Ya kuma yanki ɗan ƙarin kamar ƙwayar gyaɗa ya sa a kwalba, za a aika Kudu a duba da madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Hantar fa?"

Malamin ya juya. Likitan ya amsa.

"Akwai fararen ƙulalai a kanta."

"Guda nawa?"

"Da yawa."

Baba ya gyaɗa kai. "Mu in munka ga haka ga hantar saniya, ba mu kai ta kasuwa." Ya miƙa wa likitan hannu. "Ka ce mashi na gode. Ya cika alkawari."

Na fita waje na tsaya bayan ɗakin wanki na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Da na dawo ya ga idona, ya ce in zauna.

"Uwarka ba ta jin wanga zance daga bakinka. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Bayan an cire zare muka koma Jibiya. Abin da ya fi yi mini ciwo a duk wannan lamari shi ne yadda ya samu sauƙi. Sabuwar hanyar ta yi aiki. Ya fara da kunu, ya koma fura, ran nan ya cinye malmalar tuwo da miyar kuka ya sha ruwa, abin ya zauna. Inna ta yi guɗa a tsakar gida. Ta toya waina ta raba sadaka, mata suna shigowa barka, tana ba su labarin yadda ta so ta hana shi tafiya, ashe da ta cuce shi. Ina tsaye ina amsa barka da su. Matata ta tambaye ni me ya sa ba na murna, na ce gajiyar Kano ce.

Bayan mako shida na koma ni kaɗai da katinsa, kamar yadda aka ce. Sakamakon ya iso. Na yi ajin yaƙi da jahilci, ina karanta boko, amma ban gane ko kalma ɗaya a takardar ba. Malamin ya ce ciwon daji ne, irin wanda ke farawa daga fatar cikin tumbi, kuma ba su da abin da zai tsayar da shi. Na ce to mene ne amfanin aikawa, tunda an riga an gani? Likitan ya ce ido yana iya kuskure, akwai cututtukan da suke kama da wannan kuma suna da magani, ya so ƙwarai a ce shi ne ya yi kuskure. Ya ba ni kwalbar maganin rage zafi, ya nuna mini yawan da za a ba shi.

Da na faɗa wa Baba a zaure, cewa kawai ya yi, "To, Alhamdu lillahi," ya tambaye ni ko an kawo shanun ƙauyen Farfaru.

Wata uku ya samu yana cin abinci. Har ya koma tukuba, ba ya yanka, sai dai ya zauna kan buzu yana yi wa direbobi ba'a. Da damina ta yi nisa, idonsa ya koma rawaya, cikin ya cika da ruwa, ƙafafu suka kumbura. Inna ba ta tambayi kowa kome ba. Ita ke juya shi, ita ke ɗura masa maganin da cokali. Ya cika wata Talata da hantsi, bayan an ɗauke ruwan safe, gero ya fara fitar da kai.

Ni na zuba wa liman ruwa wajen wanka. Tabon yana nan daga ƙasan ƙirji har cibiya, miƙaƙƙe, ya warke sarai.

Sai da Inna ta fita takaba na kasa riƙewa. Na same ta tana tsince wake, na durƙusa na ce akwai abin da na ɓoye mata tun daga Kano, ta yafe mini.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Zancen hanta?"

Na ɗago kai na dube ta.

"Ran da kunka dawo ya hwaɗa mani. Ya ce kada in nuna maka na sani, kai ma kayanka sun ishe ka."

"To wainar fa, Inna? Da guɗar?"

"Ya ci tuwo ya zauna mashi," in ji ta. "Ba abin guɗa ba ne?"

Ta ja faifan gabanta, ta ce in miƙo mata tsintsiya.