Shuɗin Kwanon Nuala

Malam Surajo mutumin Ringim ne, amma zamansa a Greensboro ta Amurka ya fi zamansa a garinsu tsawo. Karatu ya kawo shi, tuƙi ya riƙe shi. Motar ɗaukar 'yan makaranta yake ja, doguwa, ruwan ɗorawa, a unguwannin Sedgefield. Ba mai yawan magana ba ne. A masallaci an san shi da abu ɗaya: shi ne mai nemo wa jama'a ragunan layya.

Duk gabatowar Babbar Sallah sai ya yi kudu, ya wuce Pleasant Garden inda gidaje ke nisantar juna kamar masu gaba, ya ratsa gonakin masara da makiyaya masu shingen katako. A ƙarshen wata hanyar tsakuwa akwai gonar Dermot da matarsa Nuala, tsofaffi 'yan ƙasar Ireland, masu kiwon tumaki. Zuwansa na farko da matarsa Khairiyya, rago kawai ya kai su. Nuala ta ce ba mai taɓa rago a gidanta bai sha shayi ba. Suka ce alhamdulillahi, sun ƙoshi. Ta zuba. Suka sake cewa sun ƙoshi, ta yanko burodi mai nauyi, irin wanda ake kwaɓawa da nono, ta lafta masa man shanu. Da za su tafi ta cika musu wani shuɗin kwanon tangaran da sauran burodin.

Khairiyya 'yar gidan da ba a mayar da kwano wofi ce. Bayan Sallah ta cika shi da dambun naman ragon suka koma. Dermot ya barbaɗa dambun a kan dankali, yaji na sa shi hawaye, yana cewa a ƙaro. Nuala ta wanke kwanon ta sake cikawa. Haka kwanon ya yi ta kai da kawo shekara da shekaru, bai taɓa bin hanyar nan ba komai a ciki ba.

Sai Khairiyya ta rasu a ƙarshen wani hunturu. Surajo bai sanar da mutanen gona ba. A ganinsa ba Musulmi ba ne, jana'iza ba huruminsu ba ce, kada ya ɗora musu nauyi. Kwanon kuwa yana gidansa, a saman firji, kuma shi bai iya dafa komai ba sai shayi da ƙwai. Ya gwada dambu sau ɗaya, ya ƙone. Da Sallah ta zo ya nemo raguna a wata gona can arewa. Ta gaba ma haka.

'Yarsa Afnan, nas ce a Charlotte, ta zo hutu ta hango kwanon.

"Baba, wannan ba na Anti Nuala ba ne? Just take it back."

"Wofi?"

"To sayo kek ka saka mana."

"Na kanti? A kwanon da uwarki ke cikawa da hannunta?"

"Baba, sun tsufa fa. Kana jiran dambu, za ka je ka tarar da gidan a kulle."

 Ranar Asabar ya sauko da kwanon, ya naɗe shi a tawul kamar mai rufe rauni, ya kama hanya. Masara ta kai kafaɗa, tumaki sun bazu a gangare.

Dermot ya fito, yanzu da sanda. Nuala ba Surajo ta fara dubawa ba, kujerar gefensa a cikin motar ta duba.

"Ina Khairiyya?"

Ya faɗa musu. Dermot ya cire hularsa.

"Yaushe?" in ji Nuala. Da ta ji, sai ta ce: "Kuma ba ka kira mu ba, Suraj? A ƙasarmu mutum zai ƙi zuwa ɗaurin aurenka a yafe masa. Jana'iza ba a ƙin zuwa. Da ko a bakin shinge ne mun tsaya."

Ya miƙa mata kwanon da hannu biyu. "Ba komai a ciki. Shi ya hana ni zuwa."

Ta warware tawul ɗin, ta duba ciki, ta dube shi. "Wane gidan makoki ne yake cika wa mutane kwano? Ai shi ake kai wa."

Surajo ya san wannan. A Ringim ma haka ake yi. Bai dai taɓa zaton dokar ta tsallako teku har ta iso wannan gonar ba.

Nuala ta ɗora buta. Ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Ta zuba.

Asabar ta gaba suka biyo bayan motarsa zuwa maƙabarta, Nuala ta yafa gyale, Dermot da hularsa a hannu. Suka tsaya inda ya nuna musu. Kwanon yana gidan Surajo har yanzu, cike da burodin Nuala. Idan burodin ya ƙare yakan wanke shi ya mayar mata wofi, ya sha shayi, ya duba ragunan bana.