Ranar da Na Tare wa Surukata Ƙofa

Shekarun baya, can lokacin da Nasara bai daɗe da karɓe ƙasa ba, ana cikin kakkafa turakun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, na haifi ɗan farina a Illela. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko nono za ta ba shi sai ta ɓuya. Ni kuwa na fi kowa iyawa. In aka tambaye ni lafiyarsa sai in sunkuyar da kai kamar an kama ni da hannu cikin tukunyar miya.

Yaron ya zo da nauyin jiki. Sa'o'insa suka yi rarrafe, suka tashi suna korar kaji, shi yana nan inda aka ajiye shi. Aka yaye shi, damina ta sake zagayowa, bai wuce jan gindi ba. Ga kai babba, ga yawu na dalala, baki babu kalma ko ɗaya. Sai dai ido, yana bina da shi duk inda na gifta.

Surukata, uwar mijina, ta kira wata tsohuwa mai bori ta duba shi. Tsohuwar ta ce wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne, aljannu suka musanya. Maganinsa a kai shi bakin tafkin Kalmalo, a aje shi da ƙwaryar fura, a juya baya, zai koma wurin danginsa. A tsakar gida aka yanke wannan shawara, ina zaune ina kaɗin auduga, ba wanda ya ko rage murya. Sun san uwar ɗan fari ba ta da baki.

Da hantsin ranar da aka sa, surukata ta ɗauko zane za ta goya shi. Na tashi na tare ƙofa.

"Inna, aje shi," na ce.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ki aje shi. Ɗana na, ni na haihe shi, ba wanda ya musanya man shi."

Sai na kira sunansa da ƙarfi, gaban kowa. Surukata ta riƙe haɓa ta ce, "Wagga ɗiya, ina kunyarki?"

"Ta ƙare, Inna."

Mijina yana tsaye bakin zaure, ya kasa kallon kowa. A hankali ya ce in yi haƙuri, manya sun gama magana. Na ce to, su tai su gama ta bisa nasu ɗiyan.

Na goya abina na kama hanyar Ƙonni, wurin gwaggona. A lokacin mutane gudowa suke daga ƙasar Faransa saboda aikin tilas, ni kaɗai ce mai ƙaton wayon da ta nufi can.

Gwaggo ba ta tambaye ni komai ba. Ta haƙa rami cikin rairayi, kullum da safe mu tsayar da shi ciki har ƙugu, mu murza masa ƙafafu da man shanu. Ni da ban taɓa yi masa magana ba sai na koma surutu da shi wuni guda, har maƙwabta suka ɗauka na taɓu. Sai da sa'o'insa suka fara zuwa makarantar allo sannan ya ɗaga ƙafa, magana kuma ta zo daga baya, a gutsure. Mijina ya zo biko, na koma, amma ban ba kowa haƙuri ba.

Yau gemunsa ya yi furfura. Har yanzu yana jan ƙafa ɗaya, in aka yi masa tambaya sai an jira shi. Jakunan fatake yake kiwo, kuma ba su gudunsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ce mini, "Ashe ke yi gaskiya, ga shi ya tashi." Ni ban san zai tashi ba. Ranar da na tare ƙofar nan na riga na sa a raina zan goya shi har bayana ya karye. Da yana nan yana jan gindi har gobe, ba zan ba su shi ba.